Kuben Haƙoran Mushe Souleyman

"Shekara bakwai," in ji Ɗangana, ya ware yatsu bakwai a gaban jama'a har gwiwar hannunsa ta kusa kifar da gwangwanin madara. "Shekara bakwai cur ina aiki da babban lokotoron haƙori na Abijan. Babu irin bakin da ban leƙa ba. Bakin minista, bakin komandan, bakin matar ambasada. Yanzu haka in mutum ya yi hamma a tashar Barmou, ni daga nan ina iya hwaɗa maka haƙorin da ka damunai."

Gambo mai shayi ya janye gwangwaninsa ya ce, "Jiya shekara biyat kac ce."

"Biyat ga haƙoran sama, biyu ga na ƙasa. Kai da ba ka yi karatu ba, zuba mani sukari."

Ba haka kawai Ɗangana ya tashi da wannan tarihi ba a safiyar Alhamis ɗin nan. Shekarun ne da ciwon zaɓe ya kama Tawa. Kuɗin Sefa sun karye, albashi yana zuwa in ya ga dama, amma ƙuri'a kam kowa yana da tasa a aljihu, kuma kowa yana son ya kashe ta. 'Yan kabu-kabu sun zaɓi shugaba, mahauta sun zaɓi nasu, hatta masu sayar da ruwa a kura sun yi zagaye na biyu. To sai ga wani froje na kiwon lafiya ya sauka a unguwa, ya ce a kafa komiti, kuma duk wanda aka zaɓa shugaba za a ba shi sabuwar mobilet, wato ɗan ƙaramin babur, don zagayen gidaje. Yau bayan la'asar za a yi zaɓen. Ɗangana ya riga ya sayi baƙin tabarau saboda iska, ya kuma kori akuyarsa daga zaure, ya share wurin da mobilet za ta kwana.

Abu guda ne ya tsaya masa a hanya, wato Tanna, unguwarzoma, taubashiyarsa, wadda katanga ɗaya ce ta raba gidansu. Rabin mutanen unguwar a tafin hannunta suka fara kuka. Shi ya sa Abijan take ƙara shekaru kowace safiya.

Ana cikin haka Mushe Souleyman ya iso, Mushe ɗin nan kuwa laƙabin girmamawa ne na Faransanci. Shi ne ma'aikacin frojen, wanda aka turo daga Yamai, shi kuma zai tsaya kan zaɓen. Mutum ne siriri mai sanyin magana, ya yi shekara biyu yana karatu a Faransa. Ya ce a soya masa ƙwai, sannan ya ɗan juya baya, ya sa yatsu biyu a baki, ya zaro wani abu ya ajiye a kan hankici.

Kowa ya miƙo wuya. Abin dai jeren haƙora ne, kowane da gurbinsa, amma babu haƙori ko ɗaya a ciki. Ana hango zaren hankicin ta cikinsa.

"Mushe," in ji Gambo a hankali, "haƙoranka sun yi saɓa awa maciji?"

Souleyman ya yi dariya. Ya ce aparai ne. A Faransa aka ɗaure masa haƙora da waya har suka miƙe, sannan aka ƙera masa wannan roba daidai bakinsa, don kada su koma inda suka fito. Yana cire ta in zai ci abinci, ya mayar in ya gama. Da farko garau take kamar ruwan famfo, yanzu shayi ya dafe ta. Ƙwayoyin da yake jiƙa ta a ciki sun ƙare, kuma farmasi sun ce tun da sefa ta faɗi ba su ƙara ganin irinsu ba.

"Guda ɗaya tak gare ni," in ji shi. "Shi ya sa nake lallaɓa ta."

Ɗangana tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin irin wannan abu ba. Amma ya dubi bencin, ya ga ƙuri'a tara zaune suna kallonsa.

"Af, kube na," ya ce, yana kaɗa hannu. "Kuben haƙora. Da Hausa haka muka raɗa mishi can. Na wanke ɗari irinai. Wanga ma ƙarami na, na matar ambasada ya hi shi tsawo. Kawo shi, Mushe, kahin ka dawo ka ga huskarka a ciki."

Souleyman ya dubi agogo. Motar froje na jiransa, zai je Affala, sai la'asar zai dawo. Ya dubi robar, ya dubi tabarau ɗin da ke goshin Ɗangana, sai ya saka ta a ɗan akwatinta ya miƙa.

"To ka san aikin. Burushi mai taushi, da ɗan bikarbonat." Ya taka ƙofar mota, ya waiwayo, ya ƙara da Faransanci, tun da ga ɗan Abijan: "E surtu, pa do shod."

Ma'anar maganar ita ce, duk abin da za a yi kada ruwan zafi ya taɓa ta. Sai dai Faransancin Ɗangana bai wuce gaisuwa da ciniki ba, kuma kalmomin sun shigo kunnensa a dunƙule.

"Wi, wi, padosho," ya ce. "Kullum da shi muka aiki."

Mota ta tashi. Gambo ya sunkuyo ya ce, "Mine ne padosho?"

"Magani na. Ba na talakawa ba."

Ya bi masu teburin magani uku a bakin kasuwa yana tambayar padosho. Na farko ya ce ya ƙare jiya. Na biyu ya ce gwamnati ta hana. Na uku ya miƙo masa maganin tsutsar ciki ya ce shi ne, kwali kawai aka sake. Ɗangana ya koma gida hannu banza, amma ransa bai ɓaci ba, domin bikarbonat kam ya taɓa jin wani malamin makaranta yana cewa ba kome ba ne illa kanwar Turawa. Kanwa kuwa matarsa Habi ba ta rabuwa da ita, don wake da shinkafa take dafawa tana kaiwa tasha da yamma.

Habi ta tafi niƙa. Ya samu ƙwaryar da ta jiƙa kanwa, ruwan ya kwanta garau, ya tsunduma kuben a ciki. Nan take ya ɓace. Ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu, bai ga kome ba sai gindin ƙwarya. Wannan ya yi masa daɗi ƙwarai.

"Har ya hwara aiki," ya ce, ya tafi zaure ya ƙara share wurin mobilet.

Da ya dawo, ƙwarya na kife a kan turmi. Habi na durƙushe tana hura wuta.

"Ke, ina ruwan da ka cikin ƙwaryar ga?"

"Kanwata? Na juye ta ga karan dahi."

Duk wanda ya taɓa cin jan wake da shinkafa ya san abin da kanwa take yi wa karan dafi. Ɗangana ya naɗe hannun riga ya zura a cikin kwanon da ta jiƙa karan, yana lalube tsakanin kara da wake, Habi na tambayarsa ko zobe ya yar. Da ya zaro kuben, ja ne wur, ya fi bakin tsohon da ya shekara sittin yana cin goro.

"Sannu da aiki, Lokotoro."

Kan Tanna ne ya bayyana a saman katanga. Tana da wani tsohon turmi da ta ajiye a gindin katangar musamman saboda irin wannan rana.

"Mi aka rini? Haƙoran wa kac cire?"

"Sauka, tsohuwa, kada ki hwaɗi a ce ni na ture ki don zaɓe. Wanga matakin farko na. Sai ƙwayar cuta ta yi ja sannan a gane inda take."

"Tau ai dut ta yi ja. Halan mai bakin ya mutu?"

Ya ba ta baya. Ya wanke da ruwa, ja bai motsa ba. Ya sa sabuni, ja ya ƙara sheƙi. Sai ya tuna da masu wanki: in farar riga ta dafe, bula suke sa mata ta dawo fara fat. Ya ɗauko ƙullin bular Habi, bai tsaya awo ba ya juye duka a kofi, ya tsoma, ya ja tasbihi ɗari. Da ya ciro, ja da shuɗi sun yi sulhu a tsakaninsu, sun haifi wani launi irin na gautan Turawa.

Yanzu kawuna uku ne a kan katanga, don Tanna ta kira maƙwabta.

"Mataki na biyu ke nan?" in ji ta. "Na ukku kore za ya yi, mu samu tuta?"

Burushi mai taushi aka ce, amma Ɗangana ya ga cutar ta wuce taushi. Ya ɗebo toka, ya haɗa da rairayi, ya samo soson ƙarfen da ake kankare gindin tukunya, ya zauna ya dirza har gumi ya jiƙa tabarau. Launi dai yana nan daram. Abin da ya tafi shi ne sheƙin. Kuben da ake hango zaren hankici ta cikinsa, yanzu ko rana ba ta ratsa shi.

Aka kira azahar. Ɗangana ya yi salla da akwatin a aljihu, ya yi addu'a mai tsawo wadda ba a saba ganin ya yi ba, sannan ya ja Isufu wanzami gefe. Isufu ya yi shekara biyu a lakkwal, wato makarantar boko, kafin ubansa ya cire shi, don haka shi ne mai fassara takardun layinsu.

"Isuhu, ina son in gwada ka, in ji ko ba ka manta karatu ba. Mine ne padosho?"

Isufu ya rufe ido, ya tauna kalmar. "Pa... do... shod. Do shod dai ruwan zahi na. Wanga ko a barci na san shi."

"Madalla. Pa ɗin hwa?"

"Pa..." Isufu ya sosa ƙeya. "Ai daga papa yat taho. Uba. Uban ruwan zahi ke nan. Tahwasasshe."

Ɗangana ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka. Ashe maganin da ya yi ta nema a kasuwa yana tsakar gidansa a kan murhu.

"Ka ci jarrabawa," ya ce. "In na hau, kai ne sakatare."

Ruwa ɗaya ne ke tafasa a gidan, shi ne na babbar tukunyar Habi, wadda wake ya riga ya fara laushi a ciki. Habi ta shiga ɗaki awon shinkafa. Ɗangana ya ga bai kamata a ɓata itace ba. Ya ɗora kuben a ludayi, ya nutsa shi a tsakiyar tukunya, ya ce bisimilla.

Abu biyu suka faru tare. Bula da sabuni suka saki jiki suka bi ruwan wake, kumfa shuɗiya ta taso har baki. Shi kuwa kuben ya yi miƙa, ya lanƙwashe, ya naɗe gefensa kamar ganda a kan garwashi.

Habi ta fito da ƙwaryar shinkafa, ta tsaya. Ta dubi tukunya. Ta dubi mijinta. Ba ta ce kome ba, ta ajiye ƙwaryar a hankali, ta zauna a kan tabarma ta rafka tagumi. Shekara ashirin suna tare, ya san faɗanta, ya san kukanta, amma wannan shirun baƙo ne a wurinsa.

"Ana iya cewa sabon yayi na," ya ce. "Waken Abijan."

Ba ta ko ɗaga kai ba.

Ba shi da lokacin rarrashi. Ya lura kuben ya yi laushi tiɓis, ana iya juya shi yadda aka so. Sai dabara ta faɗo masa, irin dabarar da take zuwa wa mutum da gudu don kada ya samu zarafin duba ta. Abin nan siffar haƙora ya rasa. Haƙora kuwa ga su a bakinsa. Haƙori ai haƙori ne, na Mushe da nasa duk Allah ɗaya ya yi su. Ya hura sau biyu, ya cusa a baki, ya danne da yatsu, ya dantse.

Zafin ya sa ya zagaye turmi sau uku a kan ƙafa ɗaya. Ya ruga randa ya kurɓi ruwan sanyi ya riƙe a baki. Robar ta huce, ta ƙage.

To haƙoran Ɗangana ba irin na Mushe ba ne. Ba su taɓa zuwa Faransa ba. Kowane ya fito ne ta inda ya ga dama, wani ya dubi gabas, wani ya jingina da ɗan'uwansa, ga wushirya da za ta ɗauki tsinken tsire, ga giɓi a gefe inda jaki ya taɓa ba shi amsa. Roba ta bi duk waɗannan lunguna ta zauna. Ya ja da yatsa, ta ƙi. Ya sa farce, ta ƙi. Ya sa gindin cokali, ya ji kamar kansa ne zai fita ya bar ta.

"Lokotoro," in ji Tanna daga katanga, "mi kaka ci kai ɗaya ba tayi?"

Ya rufe baki da hannu ya faɗa ɗaki. Daga waje ya ji mai shela yana yawo: jama'a su hallara gindin itacen bedi a ƙofar mai unguwa, motar froje ta dawo.

Da wani ne, da ya zauna a ɗaki ya ce zazzaɓi ya kama shi. Ɗangana ya leƙa zaure, ya ga wurin nan da ya share sau biyu, fes, babu ko tsinke. Ya ɗauko rawanin da ya yi ɗaurin aure da shi, ya naɗa, ya ja amawali har ƙarƙashin ido irin na Buzaye, ya ɗora tabarau a sama, ya fita.

Gindin bedi ya cika. Maza a tabarmi, mata a tsaye ta baya, ga mobilet an jingine ta a tsakiya, ledar sirdinta ma ba a cire ba. Mushe Souleyman ya hango shi ya taso.

"Malam Ɗangana? Ban gane ka ba. Ina aparai?"

Ɗangana ya nuna sama, ya nuna rana, ya kaɗa hannu alamar shanya.

"Yana bushewa? To madalla. Bayan zaɓe."

Tanna ta fara magana. Ba ta daɗe ba. Ta ce ita ba ta je Abijan ba, iyakarta Barmou, can ma biki. Amma ta san gidan da ke da mai ciki, ta san gidan da yaro ke zawo, ta san rijiyar da ya kamata a rufe. Mobilet kuma ba ta iya tuƙi ba, amma ta iya zama a baya, kuma ba ta rasa wanda zai ja ta cikin waɗanda ta yanke wa cibiya. Mata suka yi guɗa.

Aka ce saura Ɗangana. Ya miƙe, ya gyara amawali, ya buɗe baki.

"Ashshalamu alaikum, jama'ar Tawa mashu daraja."

Iskar da ta bi ta wushirya ta ratsa roba ta fito da wani siririn fito mai kaifi. Wani ɗan kabu-kabu da ke wucewa a titi ya taka birki, ya hau laluben takardu, ya zaci jandarma ne.

"Shekara bakwai na yi ina..." Fiiit. "Ina aiki da..." Fiiit.

"Ba mu ji," in ji wani daga baya. "Ka sauke ƙyallen."

"Shanyi nika ji."

"Cikin watan ga?" in ji Gambo mai shayi, yana fifita da hula.

Tanna ta matso gaban mai unguwa. "Ranka shi daɗe, dimokuraɗiyya anka ce muna. Ni dai kowa ya ga bakina, da haƙoran da sunka rage da waɗanda sunka tahi. Ƙaƙa za a zaɓi mutum ba a ga bakinai ba? Wa ya sani ko ba shi ne ba? Halan ya yi hayar wani Buzu."

Jama'a suka ce gaskiya ne. Mai unguwa ya ce a sauke amawali. Ɗangana ya sauke, amma ya tsuke leɓe kamar bakin jakar kuɗi.

"Shi ne," in ji mai unguwa. "Ci gaba."

Babu yadda za a yi jawabi da rufaffen baki. Ya buɗe.

Matar da ke kusa ta ja da baya ta kama salati. Mai unguwa ya cire nasa tabarau ya goge ya mayar. Mushe Souleyman ya tako a hankali, ya sunkuya, ya leƙa, ya daɗe yana leƙawa kamar mai neman guga a rijiya.

"Malam Ɗangana," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "wannan aparai ɗina ne?"

A nan ne Ɗangana ya nuna cewa shi ba ƙaramin mutum ba ne. Ya dafa kafaɗar Mushe, ya juya ga jama'a.

"Gwaji na. Can Abijan ba a ba mutum kube shai lokotoro ya gwada ga bakinai, awa yadda mai dahuwa ka ɗanɗana miya. Launin ga kuwa maganin ƙwayar cuta na. Padosho ke nan. Shi da kainai ya ce in sha mishi."

"Ni? Cewa na yi pa do shod. Ban da ruwan zafi."

Ɗangana ya waiwaya yana neman Isufu wanzami. Isufu ya duƙufa yana duban takalminsa.

Duk da haka wasu sun fara gyaɗa kai, domin maganar ɗanɗana miya ta shige su. Tanna ta lura. Ta gyara ɗaurin zane.

"Ɗan kawu, ni jahila ta, tambaya guda gare ni. Kai da ka shekara bakwai cikin bakin mutane, haƙoran ɗan Adam nawa na?"

Ɗangana ya tura harshe zai ƙirga nasa a ɓoye. Harshe ya tarar da roba sumul daga wannan kusurwa zuwa waccan.

"Ya danganta," ya ce. "Na Abijan ko na Tawa?"

Dariyar da aka yi sai da ta tashi tsuntsayen da ke kan bedi. Mai unguwa ya share hawaye da hannun riga ya ce a yi zaɓe kafin magariba ta same su. Yadda aka saba za a yi: kowane ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su jeru a bayansa.

Layin Tanna ya miƙe ya wuce masallaci, ya karya kwana ya nufi famfo. Ɗangana ya tsaya ƙyam yana kallon gaba, yana jin motsi a bayansa, bai yarda ya waiwaya ba sai da mai unguwa ya zo ƙirga.

"Ukku."

"Ukku ma mahwari na," in ji Ɗangana, ya juya don ya gode wa magoya bayansa.

Na farko Mushe Souleyman ne, ya riƙe masa gefen riga tam.

"Ni ba zaɓe na zo ba," in ji Mushe. "Kayana nake bi. Ko ya lalace sai na aika musu shi Faransa su gani, in ba haka ba ba za su yarda da labarin ba."

Na biyu Isufu ne, da awartakin cire haƙori a hannu, Mushe ne ya kira shi. Na uku kuwa wani dattijo ne mai sanda, Baba Bello, wanda bai daɗe da tarewa a unguwar wurin ɗansa ba. Idonsa ya yi rauni, amma shi da gaske ya zo.

"Ni ina bayanka, ɗana," in ji Baba Bello. "Ni ma na yi zaman Abijan. Dut wanda ya yi aiki da lokotoro ya san abin da mu ba mu sani ba."

Ɗangana ya ɗaga hannun dattijon sama don kowa ya gani. A nan idonsa ya faɗa kan layin Tanna, ya ga mace ta huɗu daga gaba, hannayenta shuɗi har wuyan hannu saboda wankin tukunya.

"Habi? Har da ke?"

"Har da ni, Malam."

"Ke da kin shan aikin da na yi a Abijan?"

"Ni kau na san shi," in ji Habi, ba ta ko ɗaga murya ba, amma kowa ya ji ta. "Ba ni ka aika maka buhun aya dut wata biyu ga direbobin goro ba? Kana kasa ta ga tire bakin ƙohwar lokotoron. Har ka aiko a hwaɗa mani in bar tsince tsakuwa, wai tana ƙara auki ga gwangwani."

Ɗangana ya buɗe baki, fito kawai ya fita. Ya sake gwadawa.

"To ai aiki tare ke nan. Wa ka kai mishi mashu ciwon?"

Sai ya ji hannun da ya ɗaga sama yana zamewa daga nasa. Baba Bello ya matso, ya kawo fuskarsa daf da ta Ɗangana, ya ƙura masa raunanan idanunsa.

"Ƙohwa mai koren ƙarhe? Kusa da gidan mai? Mai tire da jar hula?"



Dattijon ya sa yatsa ya ɗage leɓensa na sama. Inda ya kamata a ga haƙora biyu na gaba, babu kome sai hanya.

"Gwangwani guda na saya," in ji Baba Bello. "Ashe kai na."

Ya dogara sandarsa ya taka zuwa layin Tanna, ya waiwayo ya ce wa Isufu, "In ka zo cirewa, ɗana, kada ka yi gaugawa."